Shawara: In bar ofis in koma gyaran mota a Magazin, ko in haƙura?

Assalamu alaikum Malam. Ni magidanci ne ɗan shekara 36, ina zaune a Asawase a nan Kumasi da matata da 'ya'ya uku. Shekara 11 ke nan ina aikin akawu a wani kamfani mai zaman kansa. Ba ni na zaɓi wannan hanya ba. Lokacin da zan shiga sakandare marigayi mahaifina ne ya ce in yi fannin kasuwanci, saboda ɗan wani maƙwabcinmu ya samu aikin banki. Na bi maganarsa har na yi babbar difloma ta HND, na yi bautar ƙasa, na kama aiki. Amma tun ina yaro wayoyin lantarki da inji ne ke jan hankalina. Yanzu kowace Asabar ina garejin wani abokina a Suame Magazin, unguwar masu gyaran mota a nan Kumasi, kuma hannuna ya fara faɗawa a gyaran wutar mota. Ya ce in ajiye aiki, in sayi na'urar duba mota, mu haɗa gwiwa. A ofis kuwa gangar jikina ce kawai ke zuwa, ba ƙarin girma, albashi bai kai ƙarshen wata. Mahaifiyata ta ce ba da yawunta ba ɗanta mai takarda ya koma fita, wato makanike. Matata ta yi shiru. Shin na makara ne? Ko kuwa rashin godiyar Allah ke damuna?

Ƙaninka daga Asawase

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ka makara ba, kuma wannan abin da ke ci maka rai ba butulci ba ne. Sai dai ba zan ce ka rubuta takardar ajiye aiki a wannan watan ba. Har yanzu ba ka san sana'ar da kake marmari ba yadda mai ci da ita ya santa, kuma akwai hanyar da za ka santa albashinka na shigowa.

Bari in fara da mahaifinka, Allah ya jiƙansa, don na ji wani ɗan ɗaci a yadda ka kawo sunansa. A ƙasar nan yaro yana ɗan shekara 14 ko 15 ake aje masa fom a gaba a ce ya zaɓi kimiyya, ko kasuwanci, ko fasaha, ko noma. Tun 1976 hukumar ilimi ta Ghana ta ba da umarnin a samar da masu ba ɗalibai shawara a makarantun sakandare, amma a makarantu da yawa malami guda ne ake ɗora wa wannan nauyi a kan darussansa, kuma galibi yaron da ya yi laifi ake tura masa, ba wanda ke neman sanin inda ya dosa ba. A unguwanninmu na zango abin ya fi tsanani, domin iyayenmu da yawa ba su yi boko ba, abin da idonsu ya gani da shi suka yi hukunci. Mahaifinka ya ga yaro da taye yana fita da safe yana dawowa da albashi, ya so maka irin wannan rufin asiri. Ka cire wannan daga zuciyarka. Masanin nan na Amurka, Donald Super, wanda ya shafe rayuwarsa yana nazarin yadda mutane ke tafiyar da aikinsu, ya nuna cewa zaɓen sana'a ba abu ne da ake yi sau ɗaya a rufe ba. Mutum yakan kafu a aiki, shekaru su ja, ya sake komawa matakin lalube. Kai ma can ka koma, kuma ba kai kaɗai ba ne.

Akwai wani bincike da nake so ka auna kanka da shi. A 1991 wasu masana biyu a Kanada, John Meyer da Natalie Allen, suka ce abin da ke riƙe ma'aikaci a wurin aikinsa iri uku ne. Wani yana zaune don yana son wurin. Wani yana zaune don in ya tashi asarar ta yi yawa. Wani kuma yana zaune don yana jin nauyi ne a wuyansa, tashi zai zama kamar cin amana. Da aka tattara sakamakon bincike masu yawa a 2002, sai aka ga duka ukun suna rage barin aiki, amma ba su haifar da ma'aikaci iri ɗaya. Wanda so ke riƙe da shi ya fi ƙwazo, ya fi zuwa aiki, damuwarsa ta fi sauƙi. Wanda tsoron asara kaɗai ke riƙe da shi yana nan daram, amma zamansa ba ya ƙara wa aikinsa kyau, wani lokacin ma raguwa yake yi.

Karanta wasiƙarka da wannan ido. Albashi da fansho suna riƙe da kai. Maganar mahaifi da fushin mahaifiya suna riƙe da kai. So kuwa ban gan shi ba ko a layi ɗaya. Shi ya sa gangar jiki ke zuwa ofis. Kuma kada ka ɗauka wannan hali zai gyaru da kansa don ka ƙara haƙurin shekara biyar. Ka je ofisoshin Adum, cibiyar kasuwancin Kumasi, ka ga mutanen da suka yi irin wannan haƙuri har furfura ta fito musu. Ba na so maka haka.

To amma ga inda nake so ka tsaya ka yi wa kanka adalci. Waɗannan masana, tare da Catherine Smith, sun sake bincike a 1993 a kan ma'aikatan jinya, suka nuna cewa riƙo da sana'a daban, riƙo da wurin aiki daban. Mutum na iya son jinya ya tsani asibitin da yake, ko ya so abokan aikinsa alhali ita jinyar ta fita masa a rai. A wasiƙarka ka cuɗa abubuwa biyu. Ka ce inji kake so tun yarinta, ka kuma ce ba ƙarin girma, albashi ba ya isa. Na biyun nan laifin wurin ne da halin da ƙasa ta shiga, ba laifin lissafi ba. A Disambar 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 54 cikin ɗari a ƙasar nan, kuma mai albashi ƙayyadadde ne ya fi jin jiki. Saboda haka ka tambayi kanka a ɓoye, inda ba mai jinka: da wani kamfani zai kira ka gobe ya ninka maka albashi, ya ba ka shugaban da ke ganin ƙoƙarinka, za ka ci gaba da ɗokin Asabar kamar yanzu? In amsar ita ce a'a, to maganinka ba ya Magazin. Ka nemi wani wurin, ka shiga jarrabawar cibiyar akantoci ta ICAG, ka bar gyaran mota ya zama abin sha'awa. In kuwa ka ji ko da an ninka kuɗin zuciyarka na can gindin mota, to mu ci gaba.

Na ce ba ka san sana'ar ba tukuna, kuma ba raini ba ne. Ranar Asabar baƙo ne kai. Kana zuwa da farin ciki, ka taɓa aikin da ya yi maka daɗi, la'asar na yi ka wanke hannu ka tafi, kuma ko an samu ko ba a samu ba tukunyar gidanka za ta hau wuta. Ba ka ga Magazin ranar Talata da damina ba, lokacin da taɓo ya gauraya da baƙin mai, ka wuni ba mota ko ɗaya. Ba ka ga direban tasi ya dawo da motar da ka gyara jiya yana ɗaga murya a gaban jama'a wai ka ƙona masa kwamfutar mota ba. Ba ka bi bashin wanda ya ce "zan turo maka kuɗin ta waya, ta MoMo, da daddare" har sati uku ba. Kuma ba ka ɗanɗani zama yaron masta da ka girme shi ba, ya aike ka sayo abu a gaban yara 'yan shekara 18. Wani bincike da Wendy Boswell da abokan aikinta suka wallafa a 2005 a kan manajoji da suka sauya aiki ya nuna cewa jin daɗi yakan yi sama da zarar an koma sabon wuri, daga baya ya sauko. Wannan saukowar tana jiran kowa. Abin tambaya shi ne ko za ka so aikin bayan ta zo.

Ba ta hanyar zama da tunani ake gane haka ba. Herminia Ibarra ta bi diddigin mutane 39 da suka sauya sana'a a tsakiyar rayuwa, ta ga cewa ba zama suka yi suka gano ko su wane ne sannan suka yi tsalle ba. Sun riƙa gwada sabon aikin a gefe, suna cuɗanya da mutanensa, har ya bayyana musu. Joseph Raffiee da Jie Feng kuma sun duba bayanan dubban Amurkawa da suka kafa sana'ar kansu, a 2014 suka fitar da cewa waɗanda suka fara suna riƙe da aikinsu na albashi, haɗarin durƙushewarsu ya yi ƙasa da kimanin kashi 33 cikin ɗari a kan waɗanda suka ajiye aiki tun ranar farko. Amurka ke nan, inda mai faɗuwa ke da abin da zai tare shi. A Asawase in ka faɗi, a kan matarka da mahaifiyarka za ka faɗa. Hausawa sun riga sun gargaɗe mu da sakin na hannu, kamun na guje.

Ga abin da nake ba ka shawara. Dokar ƙwadago ta 2003 ta ba kowane ma'aikaci hutun shekara na aƙalla kwana 15 na aiki da cikakken albashi. Wannan sati uku ke nan. Ka karɓe shi gaba ɗaya, kada ka yanka shi, ka kai shi garejin. Ka zo kafin abokinka ya zo, ka tashi bayan ya tashi, Litinin zuwa Asabar. Ka sa kayan aiki, ka ci abincin da suke ci, ka karɓi aike. Kuma tun da kai akawu ne, ka ɗauki littafi ka rubuta komai: motoci nawa suka shigo don matsalar wuta, nawa aka caje su, nawa suka biya nan take, nawa suka tafi da bashi, nawa aka kashe a kayan gyara, kwana nawa aka wuni a banza. Abokinka zai gaya maka kuɗin ranar da kasuwa ta yi kyau, don ita ce ke zama a ƙwaƙwalwa. Littafinka zai gaya maka na wata. Bayan hutun ka ci gaba da Asabar da yammacin wasu ranaku har wata shida, littafin na hannunka, don ka ga rani ka ga damina.

A nan ne nake ganin kana da abin da kai kanka ba ka lura da shi ba. Motocin da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema yanzu cike suke da na'urori. Tun 1996 kowace ƙaramar mota da ake sayarwa a Amurka dole ta zo da kafar nan ta ƙarƙashin sitiyari da ake jona na'urar bincike. Mastoci da yawa a Magazin, masu kaifin kunne da za su ji ƙarar inji su gaya maka ciwonsa, suna shan wahala da waɗannan motoci, saboda aikin na buƙatar karanta Turanci, da bin zanen wayoyi, da neman bayani a intanet. Kai kana da wannan. Sai dai na'urar lambar matsala kawai take nunawa, ba ta gyara mota, kuma an sha ganin wanda ya saye ta yana ta canza wa mutane kaya masu tsada a kan waya guda da ta tsinke. Don haka ka nemi karatun abin sosai. Ka leƙa Kumasi Technical Institute da jami'ar fasaha ta Kumasi ka tambayi kwas ɗin da ya dace da mai aiki, ka kuma tambayi yadda ake zana jarrabawar gwamnati ta ƙwarewa a sana'ar hannu, wadda aka tanada har ga waɗanda suka koyi aiki a hannun masta. Takardar za ta yi maka amfani ranar da ka je neman kwangilar kula da motocin wani kamfani. Shekara 11 da ka yi kana lissafi ma ba su tafi a banza ba. Gareji nawa ne a can ke ba da rasit, ko ya san ribarsa daga uwar kuɗinsa?

Yanzu maganar kuɗi. Ka je ofishin SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, ka karɓi bayanin asusunka. Kafin mutum ya cancanci fansho na wata-wata sai ya biya na wata 180. In kamfaninku ya zuba maka kowane wata, kana da 132, saura 48. Na ce ka duba da idonka, domin akwai masu cire kashi 5.5 daga albashin ma'aikaci su ƙi kai shi. Barin aiki ba ya ƙona abin da ka tara, kuma mai sana'ar kansa na iya ci gaba da zubawa, kashi 13.5 na abin da ya bayyana yana samu. Ka sa wannan cikin lissafin abin da garejin zai iya ɗauka. Kada kuma ka bar aiki a shekarar da kuɗin haya zai ƙare. Doka ta ce kada mai gida ya karɓi fiye da na wata shida, amma ka san shekara ɗaya ko biyu suke nema. Ka biya haya, ka ajiye abin da zai ciyar da gida wata shida ko da ba ka samu sidi ɗaya ba, kuma kuɗin na'ura ya fito daga wani aljihun daban, ba daga wannan ba. Kada ka ci bashi mai ruwa don sayenta.

Abokinka kuma, Allah ya saka masa da alheri da ya buɗe maka ƙofa. Amma "mu haɗa gwiwa" magana ce mai faɗi. Na'urar ta wa ce in kun rabu? Kuɗin dubawa naka ne kai kaɗai ko rabawa za a yi? In mota ta lalace a hannunka wa zai biya? Filin garejin nasa ne ko shi ma haya yake? Ku zauna ku rubuta, da shaidu biyu, tun ana dariya. Wanda ya ji haushi don ka ce a rubuta, ya ba ka amsar da kake buƙata tun kafin ka sa kuɗinka.

Kada ka ji duk wannan ka ɗauka ina ja maka birki ne har abada. Masanin tattalin arziki Steven Levitt ya yi wani gwaji da mutane sama da 20,000 da suka rasa yadda za su yi a kan wata shawara, ya ga cewa a manyan al'amura irin barin aiki, waɗanda suka yi canjin sun fi bayyana jin daɗi bayan wata shida a kan waɗanda suka zauna. Mutane sun fi yawan yin kuskure ta wajen jinkiri. Don haka ka sa wa gwajin nan rana. In wata shida suka cika, littafi ya nuna garejin zai iya riƙe gidanka, kai kuma ka ga munin aikin ba ka ja da baya ba, ka yi istihara, ka yanke. Alƙur'ani a Ali Imrana, aya ta 159, ya jera abin a tsare: shawara, sannan azama, sannan tawakkali. In ka yanke, ka ba sabuwar sana'ar shekara biyu ko uku cur ba tare da waiwaye ba, domin son aiki yakan ƙaru ne yayin da hannu ke ƙwarewa, kuma wanda ke sauya shawara duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi ba ya daɗewa a wuri har ya ƙware.

Shirun matarka ya fi damuna a kan faɗan Hajiya. Ita ce za ta san ranar da kuɗin cefane ya ragu kafin kowa ya sani. Mai yiwuwa tana goyon bayanka, mai yiwuwa tsoro ne ya rufe mata baki don kada a ce ta hana miji ci gaba. Ka zaunar da ita bayan yara sun yi barci, ka buɗe mata lissafin duka, har da abin da ka ajiye da abin da ake binka, ka tambaye ta wane adadi ne in an ajiye hankalinta zai kwanta. Ka bar ta ta riƙa duba littafin garejin tare da kai.

Hajiya kuwa, kada ka yi gardama da ita, kada kuma ka je mata da labarin masana. Abin da take gani shi ne wahalar da ta sha kafin ka riƙe takardar nan, da abin da za a ce a gidan biki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurin uwa. Ba yau za ka nemi izinin barin aiki ba, don ba yau za ka bari ba. Ka ce mata kana ƙarin koyon sana'a, ka nemi ta sa maka albarka a kan wannan. Kuɗin farko da ka samu da na'urar, ka kai mata a hannu ka gaya mata daga inda ya fito. Idan lokacin ya yi, ka tafi da kawunka ko malamin da take jin maganarsa, ya tuna mata cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci, Annabi Zakariyya kuma kafinta ne, amincin Allah ya tabbata a gare su. In ta ga cefanenta bai ragu ba, jikokinta na makaranta, ɗanta kuma ya daina dawowa gida fuska a murtuke, da wuya ta ci gaba da ƙi. In ta dage duk da haka, ka ƙara lokaci, kada ka fita da fushinta.

Saura abu ɗaya, kuma a nan zan ɗan ja maka kunne. Muddin kana karɓar albashin mutanen nan, littattafansu amana ce a hannunka. Kada ka riƙa satar lokacinsu kana kallon bidiyon gyaran mota, kada ka bar lissafi ya taru don zuciyarka ta yi gaba. Ranar tafiya ka ba su sanarwar wata guda kamar yadda doka ta tanada ga wanda ya kai shekara uku, ka duba takardar ɗaukarka ko ta nemi fiye da haka, ka miƙa komai a tsabtace ga wanda zai gaje ka. Kamfanin nan yana da motoci, ma'aikatansa suna da motoci, kuma mutumin da suka sani da gaskiya a kan kuɗi shi za su fi amince wa da makullinsu.

Ka nemi hutun tun yanzu, kafin aikin rufe lissafin ƙarshen shekara ya taso su hana ka. Bayan sati ukun ka sake rubuto mini da abin da littafin ya nuna, mu duba tare. Allah ya yi maka zaɓi mafi alheri, ka gaishe da Hajiya.